Ɓarayin "Indomie": Yadda Ake Kwashe Dukiyar Da Ke Ƙarƙashin Motarka

A ƙarƙashin motocin fetur da ke shigo mana daga Turai da Amurka, tsakanin inji da salansa, akwai wata ƴar tukunyar ƙarfe mai kamar ƙaramin tulu a kwance. Mafi yawan masu motoci a kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Gaya zuwa Birnin Ƙonni, daga Ɗan Issa zuwa Magarya, ba su taɓa sunkuyawa sun dube ta ba. Ɗan kasuwa ya san kuɗin taya, ya san kuɗin batir, har ma yakan sa a yi wa batir ɗin keji da kwaɗo. To amma wannan tukunya, wadda a wasu motocin ta fi batir da tayoyi biyu daraja, tana nan a sarari, babu kwaɗo babu mai gadi, kuma sau da yawa mai ita bai ma san da ita ba.

Masu Faransanci suna ce mata katalizar. Kanikawan Najeriya kuwa sun raɗa mata suna indomie, domin idan aka fasa ta, abin da ke ciki yana kama da dunƙulen taliyar nan ta Indomie kafin a dafa. Wannan suna ne ya tsallako iyaka tare da kanikawa da direbobi. A ƴan shekarun nan koke-koken da muke samu daga masu sauraro a gidan rediyo game da ita sun yi yawa, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi wa ƴan kasuwa bayani dalla-dalla, musamman masu a-kori-kura da sauran motoci masu tsayi da ke jigilar kaya ranakun kasuwa.

Mene ne a cikinta?

Abin da ke cikin tukunyar wani dunƙule ne na gasasshen yumɓu mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An shafe bangon ramukan da wasu ƙarafa uku masu tsadar gaske: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙin inji ya ratsa ramukan yana da zafi, waɗannan ƙarafa sai su sauya gubar da ke cikinsa ta koma iskar da ba ta kai ta farko illa ba. Aikinta ke nan. Ba ta ƙara wa mota gudu, ba ta kuma rage mata, muddin tana da lafiya.

Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka mai suna Eugène Houdry ne ya fara fito da dabarar a shekarun 1950. Amurka ta soma sanya ta a mafi yawan sababbin motoci a 1975, Turai kuma ta wajabta ta ga sababbin motocin fetur a farkon shekarun 1990. A nan Afirka an daɗe ba ta da wani amfani, saboda fetur mai dalma da ake sha a da yana kashe ta. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da irin wannan fetur, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021.

Ƙarafan da ke cikin tukunya ɗaya ba su wuce ƴan giram kaɗan ba, amma a duba farashinsu. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato giram 31, ta kai kusan dala 29,000. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. A lokacin ya ninka zinariya fiye da sau 15. Shi ma faladiyam ya haura dalar Amurka 3,000 a watan Maris na 2022, jim kaɗan bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, domin kuwa Rasha ce ke haƙo kusan kashi 40 cikin 100 na faladiyam ɗin duniya, Afirka ta Kudu kuma ita ke da mafi yawan filatinam da rodiyam. Daga baya farashin ya faɗi, rodiyam ya sauko ƙasa da dala 5,000 a 2023, sai kuma filatinam ya sake tashi a 2025. Ko a farashin da ya faɗi, abin ya fi ƙarfin a ce masa tsohon ƙarfe. Kuma hanyar da aka riga aka buɗe, daga mai cirewa zuwa mai saye a unguwa, zuwa babban dillali, zuwa masana'antun narkarwa a ƙasashen waje, ba ta rufe ba.

A ƙasashen Turawa, ɓarawo da zarto yake zuwa

Can a Amurka da Ingila satar tana da fuska guda. Mutum biyu ko uku ne za su zo da dare, ko ma da rana tsaka a filin ajiye motoci, ɗaya ya shige ƙarƙashi da zarto mai batir, ya yanke bututun gaba da baya, cikin minti ɗaya ko biyu sun yi gaba. Hukumar da ke bin diddigin laifukan inshora a Amurka ta ƙirga sata sama da 64,000 a 2022 kaɗai, kuma wannan na waɗanda suka kai kuka wurin kamfanin inshora ne. A watan Nuwamba na wannan shekarar gwamnatin Amurka ta kama wani gungu na mutum 21 a jihohi biyar, ta kuma nemi ƙwace dukiyar da ta haura dala miliyan 545. Maye gurbin tukunya ɗaya a can yakan ci dala 1,000 zuwa 3,000.

Motocin da suka fi shan wahala iri biyu ne. Akwai masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius, saboda indomie ɗinsu bai cika gajiya ba. Sai kuma a-kori-kura da manyan motoci masu tsayi, irin su Ford F-150, saboda dalili mai sauƙi: ɓarawo ba ya bukatar jak, kwanciya kawai zai yi ya shige. Bugu da ƙari masu manyan injuna sukan zo da tukunya fiye da ɗaya. Toyota Tundra, alal misali, har guda huɗu take da su.

Wannan magana ta tsayi ta shafe mu kai tsaye, domin Hilux da Land Cruiser da Tacoma da motocin haya irin Hiace su ne jakunan kasuwanninmu. Sai dai mu yi wa masu tsofaffin motoci albishir. Fijo 404 da 504 a-kori-kura masu kafireto ba a ƙera su da wannan tukunya ba, don haka babu abin sata. Haka ma tsofaffin motocin gazuwal, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa gas, da yawansu ba su da ita. Sababbin masu gazuwal suna da irin tasu, mai filatinam da faladiyam, ita ma ana sayenta. Amma ta motar fetur ce ake rububi, don ita ke ɗauke da rodiyam.

A nan kuwa, da ɗan gari akan ci gari

Akwai masu zarto a wajenmu, ba mu ce babu ba, musamman a manyan garuruwa da wuraren da motoci ke kwana ba mai gadi. To amma idan mutum ya saurari koke-koken jama'a da kyau, zai tarar mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan ta'asa ba cikin dare aka yi musu ba. Da hannunsu suka miƙa makulli. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakaninmu da ƙasashen Turawa, kuma duk wanda ya kwaso shawarwarinsu na ƙararrawa da kyamara ya tsaya nan, to ya toshe taga ne ya bar ƙofa a buɗe.

Mu fara daga tushe. Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. A wannan shekarar ce masu binciken gwamnatin Holan suka bayyana cewa a cikin motocin da suka duba a tashar jiragen ruwa, waɗanda ake shirin turowa Afirka, akwai waɗanda an riga an cire musu tukunyar. Ke nan wata motar tun kafin ta hau ruwa an yashe ta. Wadda ta tsira kuma tana da sauran tafiya: zaman jira a filin ajiye motoci na Kwatano ko Lome, kwanaki a hannun direban da zai koro ta, kwana a garuruwan kan hanya, zama a filin duwan, sannan filin dillali. A kowane zango akwai mai walda a kusa. Ba muna cewa duk direba ko duk dillali macuci ba ne, Allah ya kiyaye, akwai masu amana da yawa da muka sani. Abin da muke cewa shi ne, motar da ta bi ta hannu bakwai kafin ta iso gare ka, ba a sayenta sai an leƙa ƙarƙashinta.

Kuma irin wannan sata tana da wayo fiye da ta mai zarto. Mai zarto yakan tafi da tukunyar ɗungurungum, da safe kana tayar da mota ta yi ruri kamar jirgi, ka san an yi maka ɓarna. Shi kuwa mai lokaci da kayan aiki kwance ta yake yi, ya tsaga ta ta sama inda ido ba ya kaiwa, ya zare indomie ɗin, ya liƙe da walda, ya shafa toka ko baƙin mai, ya mayar. Wani ma yakan cusa ragar ƙarfe irin ta wankin tukwane a ciki don ƙara ta lafa. Ka duba ƙarƙashi ka ga tukunyarka tana nan, alhali kwanko ne. A ƙananan motoci da yawa irin su Corolla da Camry na baya-bayan nan, babbar tukunyar a manne take da inji, ɓarawon dare ba ya isa gare ta cikin sauƙi. Idan aka wayi gari ta zama fanko, to a tambayi inda motar ta yini.

Sai hanya ta uku, wadda ta fi ba mu takaici, domin ita da yardar mai mota ake yin ta. Ka kai mota garaji don ba ta ja, ko tana shan mai. Kafin a buɗe komai sai a ce, "Alhaji, ai indomie ɗinka ne ya toshe, a fasa a zubar mota ta sha iska. Wannan abin na ƙasar sanyi ne, ba ya yi a nan." Ka amince, ka biya kuɗin aiki, har ka yi godiya. Abin da aka ce za a zubar kuwa ba ya kaiwa juji, kafin magariba mai saye ya zo ya ɗauka. An karɓi ladan aiki a hannunka, an kuma sayar da kayanka.

Gaskiya ne tukunyar tana toshewa. Fulogin da ba ya ƙona mai daidai, injin da ke shan baƙin mai, fetur ɗin da aka gauraya da kananzir, ko dukan dutse a hanyar da ba kwalta, duk suna iya narkar da saƙar ko su farfasa ta. Mu da muke shan man bakin hanya na kwalba da jarka mun fi kowa sanin haka. Alamar toshewa ita ce mota ta rasa ƙarfi, ka taka totur ta ƙi tashi, musamman da lodi ko a hawa. Amma wannan alama ce ta cututtuka goma, daga famfon mai zuwa matatar iska. Bakaniken kirki yana da hanyar gwadawa ba tare da ya fasa komai ba: ya kwance sensar da ke gaban tukunyar na ɗan lokaci don hayaƙi ya sami mafita, in mota ta dawo da ƙarfinta to lallai akwai toshewa, in ba ta dawo ba a nemi ciwon a wani wuri. Wanda ya yanke hukunci da kunne kawai, ya kuma matsa a fasa yau-yau, a yi masa godiya a je wurin wani.

Idan kuma an tabbatar ta mutu, to gawar taka ce. Ko a toshe take, ko ta farfashe ta zama gari, ƙarafan suna nan a ciki kuma da kuɗinsu. A cire a gabanka, a ba ka a hannu. Kai ne za ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku, ka sayar, ka cika ka sayi wata. A jikin kowace tukunya ta asali akwai lamba da kamfani ya buga, da ita masu saye ke sanin darajarta, don haka ba a kilo ake cinikinta kamar tsohon ƙarfe ba. Sannan a gyara abin da ya kashe ta tun farko, in ba haka ba sabuwar ma hanya ɗaya za ta bi.

Yadda za ka gane

Wanda zai sayi mota, ya sa a hau da ita kan rami ko a ɗaga ta, ya shiga da tocila shi da bakaniken da ya yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Walda ta kamfani a miƙe take sumul, ta bakin hanya kuwa tana da ƙuraje. A shafa saman tukunyar da hannu idan ta huce, ko a leƙa da madubi. A duba notocin da suka haɗa ta da bututu, in sun yi ƙyalli alhali maƙwabtansu sun yi tsatsa, an taɓa su kwanan nan. A ɗan ƙwanƙwasa ta: mai ciki tana amsawa a daskare, fanko kuwa tana ƙara kamar gwangwani. In ka ji abu na kaɗawa a ciki, saƙar ta farfashe.

Hayaƙin motar da aka yashe yana da wari mai yaji, yana sa ido hawaye idan ka tsaya a bayanta. A motocin zamani ƴar fitila mai hoton inji takan kama a gaban direba, in an sa kwamfutar duba mota sau da yawa lambar da ke fitowa ita ce P0420. To amma a kula, masu wannan sana'a sun san da fitilar. Wasu sukan cire ƙwanta ko su liƙe ta. Don haka ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba: dole fitilar ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, akwai abin da ake ɓoye maka.

Wani zai ce, to in an cire mene ne, ai mota tana tafiya. Tana tafiya kam. Sai dai darajarta ta ragu, kuma ranar da za ka sayar mai saye zai leƙa ya zaftare kuɗi. In ɓarawon ya haɗa da sensa ko ya tsinke wayarta, kwamfutar mota ta rikice, shan mai ya ƙaru, kuma wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ko Damagaram da Kano zai gani a aljihunsa kafin wata ya ƙare. Abin da ya fi wannan muni shi ne iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Bututun da aka yanke ko aka yi wa walda mai yoyo a ƙarƙashin mazaunin direba yana turo ta ciki. Direbobinmu da yaran mota da ke kwana a cikin mota lokacin hunturu, gilashi a rufe inji na aiki, su ne ke cikin haɗari. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Motar da aka yanke wa tukunya kada a yi doguwar tafiya da ita sai an gyara, in dole ne a kai ta garaji a sauke gilasai.

Matakan tsaro

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mataki na farko bai cin ko sisi: yau ɗin nan ka sunkuya ka san ko motarka tana da tukunya, guda nawa ce, kuma a ina take. Ka ɗauki hotonta da wayarka ta kowane gefe, har da lambar jikinta da yanayin notocinta. Duk ranar da za ka bar mota a garaji, ko wurin wanki, ko wurin mai fenti, ka nuna wa mai wurin hoton cikin raha, ka ce ga yadda ka kawo ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai mugun nufi ya nemi wani. Bakanike mai gaskiya ba zai ji haushi ba, hasali ma kariya ce gare shi, domin sau da yawa ba maigidan ne ke yi ba, yaran da ke kwana a garajin ne, shi kuma sunansa ne ke ɓaci.

Aikin da za a gama a yini, ka zauna ko ka bar ɗanka ko yaron shagonka. Mun san ranar kasuwa ba ta da lokacin zaman garaji, wanda ke da rumfa a Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko mai kora dabbobi Maigatari ranar Alhamis, ba zai bar ciniki ya tsare bakanike ba. To a kai gyaran wata rana. In mota za ta kwana, a duba ƙarƙashinta tare lokacin ajiyewa da lokacin ɗauka, a gaban shaida. Haka ma tsakanin mai mota da direban da zai ba shi ita haya ko balas: a shigar da tukunyar cikin kayan da ake ƙirgawa, kamar yadda ake ƙirga safaya da jak da batir. Mai aiko da mota daga bakin teku kuma ya sa wakilinsa ya turo masa hoton ƙarƙashinta ta WhatsApp kafin ta tashi, ya sanar da direba cewa hoton yana hannunsa, kuma cikon kuɗin kora sai bayan an hau rami.

Na biyu, a yi mata shaida. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, tana jikin takardun mota. A sa a zana takwas na ƙarshe, ko lambar motar, a jikin tukunyar da abin zane na lantarki, a hankali don kada a huda ta. Sannan a fesa mata fenti mai ɗaukar ido irin wanda ke jure zafi, ja ko ruwan lemo, a bi da shi ta kan notoci da layin walda. Ƴan sandan Amurka da Ingila suna ba da wannan shawara don mai saye ya ji tsoron karɓa. A wajenmu amfaninsa ya fi haka: duk wanda ya tsaga tukunyar ko ya taɓa noti sai fentin ya nuna, kuma ka sami hujjar da za ka kai gaban jandarma ko ƴan sanda.

Na uku, ga masu motoci masu tsayi, a sa mai walda ya yi aiki. Ana iya ɗiga walda a kan notoci don kada sifana ta kwance su. Ana iya yi mata keji da rodi mai kauri a ɗaure a jikin shasi, ko a naɗe ta da bututun gaba da baya da igiyar ƙarfe irin ta jan mota, wadda ke wahalar da zarto saboda ba ta tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma farantin ƙarfe da ake rufe ƙarƙashin wurin da shi, wanda ke ƙara kare ta daga duwatsu. Babu ɗaya daga cikinsu da zai hana mai awa guda da kayan aiki, amma mai minti biyu zai wuce zuwa motar gaba.

Sai dai a nan akwai jan kunne. Tukunyar tana yin zafin da ya haura digiri 400 idan mota na aiki. Farantin da za a sa dole ya kasance da ramukan shan iska, a kuma bar tazara, a riƙa share ciyawa da ƙaiƙayi da ke maƙalewa a ciki, don suna kamawa da wuta. Saboda wannan zafi ne ma ba a son tsayar da mota a kan busasshiyar ciyawa ko karan gero. Kada a manne kejin da bututun hayaƙi da shasi a lokaci guda har ya hana bututun motsi, zai tsage. Kafin walda a cire kan batir don kada kwamfutar mota ta ƙone, a sauke duk wata jarkar fetur da ke bayan mota a kai ta nesa. Wannan na ƙarshe muna maimaita shi ne don mun san abin da a-kori-kurar bakin iyaka ke ɗauka.

Game da wurin kwana, maganar ba ta da tsawo. Cikin gida ya fi ƙofar gida, inda ke da fitila da mai gadi ya fi lungu. In a waje ne, a matsa gefen da bututun yake jikin bango, ko a jera motoci kusa da juna, ƙananan a kewaye masu tsayi, yadda babu sararin da mutum zai kwanta. Ƴan canjin da za a ba mai gadin tasha ba su kai kuɗin noti ɗaya na tukunyar ba. Ƙararrawar da ke kuka idan an ɗaga mota ba ta da amfani sosai ga a-kori-kura tunda ba ɗaga ta ake yi ba, mai jin girgiza ta fi.

Masu saye fa?

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yaron da ya zare indomie ɗan abin da yake samu kaɗan ne, ribar tana wurin mai saye da wanda ke sama da shi. Ƙasashen da suka rage wannan sata ta nan suka ɓullo mata. A Ingila dokar 2013 ta wajabta wa mai sayen tsohon ƙarfe ya mallaki lasisi, ya duba katin shaidar mai sayarwa, kuma ba a biya da tsabar kuɗi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokoki a 2022 da suka hana sayen tukunyar sai daga hannun wanda ke da izini ko mai motar da ke da takarda, tare da ajiye rajista. A maƙwabciyarmu Najeriya, gwamnan Borno Babagana Zulum ya hana sana'ar jari-bola a 2023, hukumomin Abuja kuma sun rufe kasuwannin panteka na mako biyu a watan Janairu na 2025, ko da yake su satar kayan gwamnati ce ta tunzura su.

Mu dai ba mu ga hikimar hana sana'ar baki ɗaya ba, domin dubban magidanta ke ci da iyalinsu a cikinta, kuma mai motar da tukunyarsa ta mutu yana bukatar inda zai sayar. Matsalar bakin iyaka ita ce abin da aka cire a Ƙonni da safe yana iya kwana a Illela, na Jibiya kuma ya kwana a Maraɗi, doka ta wannan gefe ba ta bin sa can. Amma shugabannin kasuwa da na tasha da na kanikawa na gefen biyu sun san juna, suna zuwa bikin juna, sun saba sasanta rikicin bashi da na ɓatan kaya ba tare da an je kotu ba. Suna iya tsayar da magana ɗaya: kada wanda ya sayi tukunya ko garin indomie sai mai motar na tsaye da takardunsa, a rubuta suna da lambar mota a littafi, wadda aka ga fenti ko zanen lamba a jikinta kuma a riƙe ta a kira sarkin tasha. Wanda aka yi wa sata shi ma kada ya ce ya bar wa Allah ya yi shiru, ya kai rahoto da hotunansa, ya kuma sanar da ƙungiyarsu a ranar, kafin kayan su tsallaka.